DAGA KARƁAR TALLAFI ZUWA KARƁAR ALBASHI: ABIN DA YA FARU A AMURKA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayuwa a gabanku, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka bar makarantar nan tun ba a haife ni ba. An nemi in yi magana a kan samar da aikin yi, tun da yake a sashen da ke kula da wannan fanni nake aiki a ma'aikatarmu. To, fannin yana da faɗi ƙwarai, saboda haka na zaɓi lungu guda, wato yadda za a taimaki mai kamfani ko mai shago ya ɗauki mutumin da ya daɗe yana rayuwa da tallafin gwamnati, ya kuma riƙe shi har ya zauna da gindinsa. Amurka tana cikin ƙasashen da suka gwada wannan abu sosai, suka kuma auna sakamakonsa suka rubuta. Saboda haka can zan kai ku, sa'an nan a ƙarshe mu komo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Maganar da nake so ku tafi da ita guda ɗaya ce. Mai ɗaukar aiki yana son a rage masa kuɗi, amma abin da ya fi so shi ne a rage masa fargaba. Wanda zai tsaya wa sabon ma'aikaci a watanninsa na farko ya fi takardar ragin haraji amfani.

ASALIN MAGANA

A shekarar 1935, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gwamnatin ƙasar ta ƙirƙiro wani shiri na ba matalauta masu 'ya'ya kuɗi wata-wata. Waɗanda aka fi nufi da shi a lokacin su ne matan da mazansu suka rasu suka bar su da yara. Sannu a hankali shirin ya yi ta faɗaɗa, har ya zama a shekarar 1994 iyalai kamar miliyan 5 ne ke karɓa, wato mutum fiye da miliyan 14, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu yara ne. Jama'a suka fara gunaguni, suna cewa tallafin ya zama gado, uwa ta karɓa 'ya ta karɓa.

Ran 22 ga Agusta, 1996, Shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a kan dokar da ta rushe tsohon shirin ta kawo sabo. Sabuwar dokar ta ce babu wanda zai karɓi tallafi daga kuɗin gwamnatin tarayya fiye da shekara 5 a duk tsawon rayuwarsa, kuma wanda ya yi shekara 2 yana karɓa tilas ya kama wani aiki. Aka kuma yanka wa jihohi dala miliyan dubu 16 da rabi a kowace shekara, aka ce kowace ta tsara nata shirin.

To, jama'a, doka tana iya fitar da mutum daga layin tallafi, amma ba ta iya buɗe masa ƙofar kamfani. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa mata ne masu ƙananan yara ba miji. Da yawa ba su gama sakandare ba, da yawa ba su da mota, kuma suna zaune ne a tsakiyar birane, alhali sababbin ayyuka suna can bayan gari. Tambayar da ta tsaya wa gwamnati a wuya ita ce, wa zai ɗauke su?

HANYA TA FARKO: RAGIN HARAJI

Abin da ya fara zuwa wa mahukunta shi ne kuɗi, wato a ce wa mai kamfani, in ka ɗauki irin waɗannan mutane za a rage maka haraji. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, don tun 1978 ake da irinta, kuma an riga an ga inda take ɗingishi.

Misali na farko daga garin Dayton ne, a jihar Ohayo. A farkon shekarun 1980 aka yi wani gwaji a can. Aka raba masu neman aiki matalauta kashi uku. Kashi na farko aka ba su takardar da za su nuna wa mai kamfani cewa in ya ɗauke su zai sami ragin haraji. Kashi na biyu aka ba su takardar da ke cewa za a biya mai kamfanin tsabar kuɗi. Kashi na uku ba a ba su komai ba, aka ce su je su nema kamar kowa. Kowa ya zaci masu takarda za su yi gaba. Da wani masanin tattalin arziki mai suna Gary Burtless ya buga sakamakon a 1985, sai aka ga marasa takarda kimanin 20 cikin 100 sun sami aiki, masu takarda kuwa kimanin 13 ne kacal. Takardar da aka ba su don ta taimake su, ita ta tona musu asiri. Mai kamfani yana gani sai ya ce a ransa, banza ba ta kai zomo kasuwa, in da lafiya ai gwamnati ba za ta biya ni don in ɗauki mutum ba. Yayyenmu 'yan kasuwa sun san wannan. Kayan da aka karya wa farashi fiye da ƙima, mai saye juya shi yake yi yana neman aibi.

Misali na biyu, a 1994 babban mai binciken Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ya duba wancan shiri na 1978, ya gano cewa kashi 92 cikin ɗari na mutanen da aka karɓi ragi a kansu, ko babu ragin ma da an ɗauke su. Wato gwamnati ta yi ta biyan kamfanoni ladan abin da dā ma za su yi.

Duk da haka ba a yar da dabarar ba, gyara ta aka yi. A 1997 aka kawo sabon ragi musamman domin waɗanda suka daɗe suna karɓar tallafi. A shekarar farko ana rage wa kamfani kashi 35 cikin ɗari na dala 10,000 ta farko da ya biya ma'aikacin, a shekara ta biyu kuma kashi 50. Jimla dala 8,500 ke nan a kan mutum guda. Ku lura da hikimar da ke ciki, ladan shekara ta biyu ya fi na farko, don a sa mai kamfani ya riƙe mutum, kada ya ɗauka yau ya kora gobe. Amma sai aka sa sharaɗin cika takarda a aika wa hukuma cikin kwana 21 da fara aiki. Manyan kamfanoni masu akantoci suka iya, mai ɗan gidan abinci ko ɗan gareji kuwa ko dai bai ji labari ba, ko kuma ya ga wahalar ta fi romon. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mafi yawan ma'aikatan da suka cancanta ba a ma nemi ragin a kansu ba.

HANYA TA BIYU: MAI TSAYA WA MUTUM

A watan Mayu na 1997 aka ƙaddamar da wani ƙawance na kamfanoni a fadar White House. Kamfanoni biyar ne suka kafa shi: United Airlines, UPS, Burger King, Monsanto da Sprint, kuma ya fara da mambobi 105. Ba hukumar gwamnati ba ce, 'yan kasuwa ne ke yi wa 'yan uwansu 'yan kasuwa magana. Suka buga littafin jagora, suka buɗe lambar waya ta kyauta, suka kuma tara sunayen ƙungiyoyin da ke horar da masu neman aiki a kowane gari, don mai kamfani ya san wanda zai tuntuɓa. Ita ma gwamnatin tarayya ta ɗauki alkawarin ɗaukar mutum 10,000 daga cikin masu karɓar tallafi, ta kuma zarce wannan adadi, don kada a ce tana wa'azin abin da ba ta yi. Zuwa shekarar 2000 ƙawancen ya haura kamfanoni 20,000, waɗanda bisa ƙiyasinsu suka ɗauki mutum kamar miliyan 1 da dubu 100.

Me waɗannan kamfanoni suka gano? Wasu masana biyu, Harry Holzer da Michael Stoll, sun bi masu ɗaukar aiki a manyan birane huɗu, har da Shikago da Los Anjeles, a 1998 da 1999, suna tambayarsu yadda suka sami waɗannan ma'aikata. Amsar ita ce mafi yawansu suna aiki daidai da sauran, wasu ma sun fi. Babbar matsalar da aka fi kuka da ita ita ce fashin aiki. Da aka bi diddigi kuma sai aka tarar fashin ya fi zuwa daga rashin mai riƙe yaro, da rashin abin hawa, da rashin lafiya. Matar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ba ta da wanda za ta bar wa shi, ba ta kuma san ana buga waya a faɗa wa shugaban aiki ba, sai ta zauna gida kwana biyu, ranar na uku ta tarar an sallame ta. Ragin haraji ba ya warkar da wannan. Bari in kawo muku misali uku na abin da ya warkar.

Na farko, kamfanin otal-otal na Marriott. Tun farkon shekarun 1990 ya buɗe horo na mako 6, ana raba lokaci tsakanin aji da aikin hannu a cikin otal, wanda ya gama kuma aikinsa na jiran sa. Ban da gyaran ɗaki da aikin kicin, ana koya wa mutum zuwa a kan lokaci, da yadda ake magana da shugaba, da yadda ake riƙe albashi ya kai ƙarshen wata. Masu horarwa kuma ba a aji suka tsaya ba, suna taimakawa wajen neman mai reno da sasanta rigimar kuɗin haya.

Na biyu, kamfanin UPS mai jigilar kaya. Yana da babbar cibiya a filin jirgin saman Filadelfiya, inda ake aikin dare. A ƙetaren kogi akwai garin Camden, wanda talauci ya yi wa katutu, mutanensa suna son aikin amma babu motar da ke kai su a wannan lokaci. Da aka shirya bas mai ɗauko su ta mayar, sai aikin ya samu. Irin wannan ne ya sa a 1998 majalisar Amurka ta ware kuɗi musamman, a cikin dokar sufuri, domin kai matalauta wuraren aiki.

Na uku, wani kamfani mai suna America Works, wanda aka kafa a 1984. Shi aikinsa dillanci ne tsakanin mai neman aiki da mai ɗauka. Yakan tantance mutum, ya ɗan horar da shi, ya kai shi wani kamfani gwaji na kamar wata 4. A cikin waɗannan watanni sunan ma'aikacin yana cikin takardar albashin dillalin ne, kuma wakilinsa yana kai ziyara yana jin ƙorafin kowane ɓangare. In abu ya yi daɗi kamfanin ya ɗauke shi dindindin, in bai yi ba a kawo wani. Gwamnati kuwa ba ta biyan dillalin cikakken ladansa sai ma'aikacin ya yi watanni yana kan aiki. Kun ga an ɗauke wa mai kamfani fargaba, an kuma ɗaure dillali da igiyar da za ta hana shi kawo mutumin banza.

A duk misalan nan uku abu guda ne ke maimaituwa. Akwai wani na uku a tsakani, wanda ya san ma'aikacin, wanda kuma mai kamfani zai kira kafin ya yanke hukuncin kora.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Kada in zuba zuma in ɓoye maɗaci. Gaskiya ne zuwa shekarar 2000 yawan masu karɓar tallafi ya ragu da fiye da rabi, kuma iyaye mata marasa miji da yawa sun shiga aiki. Amma a wannan lokaci kasuwar Amurka tana ci sosai, rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 4 cikin ɗari, har kamfanoni ne ke farautar ma'aikata. Bugu da ƙari, tun 1993 aka faɗaɗa wani shiri da ke ƙara wa mai ƙaramin albashi kuɗi ta hanyar haraji, wanda ya sa aiki ya fi zama riba. Masana har yanzu suna jayayya a kan rabon kowanne daga cikin waɗannan dalilai.

Har ila yau, mafi yawan ayyukan da aka samu masu ƙaramin albashi ne, kamar dala 7 zuwa 8 a awa, wanda bai fitar da iyalai da yawa daga talauci ba. Waɗanda kuma suka kasa samun aiki ko suka kasa riƙe shi, sun rasa tudun dafawa. A 1996, cikin kowaɗanne iyalai 100 matalauta masu yara, 68 suna samun tallafin kuɗi, amma zuwa 2020 sun koma 21. Da tattalin arziki ya sake rushewa a 2008, sai da gwamnati ta fito da kimanin dala miliyan dubu 1 da miliyan 300 a 2009 da 2010 ta biya albashin mutum kamar 260,000 da aka tura wuraren aiki, da yawansu a kamfanoni masu zaman kansu. Darasin a nan shi ne, mai tsaya wa mutum yana buɗe ƙofar da ke akwai, amma ba ya gina ɗaki. In kasuwa ba ta ci, babu dillalin da zai sa a ɗauki ma'aikaci.

MU KUMA FA?

Ranka ya daɗe Shugaban taro, mu ba mu taɓa samun tsarin tallafi irin na Amurka ba, amma mun san mutumin da alawus ɗin gwamnati ya yanke masa. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a 1986. A 2012, ƙarƙashin shirin SURE-P, an tura masu digiri kamfanoni gwamnati tana biyan su alawus na shekara guda. A 2016 aka fara N-Power, ana biyan Naira 30,000 a wata, rukunin farko mutum 200,000, na biyu 300,000, kuma a 2020 aka sallami rukunan biyu. Mafi yawansu makarantun firamare da asibitocin gwamnati da aikin malaman gona aka tura su, saboda haka ranar da alawus ya tsaya babu wani mai kamfani da ya san hannunsu. Wasu daga cikinsu ƙannenmu ne da suka zauna a azuzuwan nan, kuma irinsu ne ke zuwa ofisoshinmu kullum da takardu a cikin ambulan.

Abin da Amurkawa suka kashe maƙudan kuɗi kafin su gane, mu a kasuwanninmu muka tashi muka tarar da shi. A Kantin Kwari ko wace babbar kasuwa, ba a ɗaukar yaron shago sai an tambayi wanda ya kawo shi. Aibin tsarin namu guda ne, ɗan da ba shi da kowa ba shi da mai kawo shi. A nan ne ƙungiya irin tamu take da abin yi, domin a cikinmu akwai masu gidajen mai, da masu makarantu, da masu asibitoci, da 'yan kwangila, da masu gidajen burodi. Ga shawarwarina guda biyar.

Na ɗaya, a naɗa ƙaramin kwamiti, kada ya wuce mutum uku, ya bi mambobi masu sana'a ya rubuta guraben da suke da su na haƙiƙa, da irin mutumin da kowanne ke buƙata. A fara daga buƙatar mai aiki, sa'an nan a nemo wanda ya dace.

Na biyu, a tantance da gaskiya. Wanda bai shirya ba a faɗa masa, a nuna masa abin da zai gyara. In muka kai wa ɗan uwanmu mutum ɗaya mara amana don kunya ko don dangantaka, mun rufe wa goma ƙofa, tun da wake ɗaya ke ɓata gari.

Na uku, a yi gwaji na wata 3, ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin motar sabon ma'aikaci har ya karɓi albashin farko. Wannan kuɗi kaɗan ne, amma rashinsa ke sa mutum ya makara tun makon farko. In mace ce mai goyo, a tambaye ta tun farko wa zai riƙe mata yaro.

Na huɗu, kowane wanda aka kai a haɗa shi da babba guda daga cikinmu, wanda mai aiki zai kira kafin ya sallame shi. Shi ma mai aikin a yi yarjejeniya da shi a rubuce a kan albashi da ranar biya, kada kuma ya riƙa nuna yaron a gaban sauran ma'aikata a matsayin wanda aka taimaka wa. Mun ji abin da takarda ta jawo a Dayton.

Na biyar, kada mu ƙirga nasara ranar da aka ɗauki mutum. Mu ƙirga bayan wata 6 da bayan shekara, mu buga adadin a mujallar nan, da waɗanda suka zauna da waɗanda suka bari da dalilin barinsu.

KAMMALAWA

Ban ce mu ɗauki mutum ɗari ba. In a bana muka kai mutum 10, muka dawo taron baɗi 7 suna kan aikinsu, to mun san hanya ta ɓulle, sai mu ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Kowannenmu a zauren nan, in ya tuna, akwai wanda ya taɓa cewa na san shi, ku ɗauke shi, ni na tsaya masa. Abin da nake roƙo shi ne mu faɗi wannan kalma ga ƙanen da ba shi da mai faɗa masa, mu kuma tsaya a kanta har watannin farko su wuce.